Ka koma shan siga bayan shekaru? Ga inda kuɗin mutane ke zubewa a Legas

Shekara takwas na yi ban kunna siga ba. Ina nufin kakkauran karan nan da ake naɗewa da zallar ganyen taba, ba sigarin kwali ba. Ranar da na koma, kai tsaye na nufi wani kanti a Victoria Island na sayi akwati guda na irin na Kuba wanda na saba sha da can, kara 25. Na kunna na farko a baranda bayan la'asar, cikina ba komai sai ruwan shayin safe. Ban kai rabi ba jiri ya ɗebe ni, gumi mai sanyi ya keto mini, na kwanta a kan dadduma ina kallon fanka. Sauran 24 ɗin abokai ne suka ci riba.

Kuskuren da kusan kowa yake farawa da shi ke nan, ɗauka cewa bakinka yana nan inda ka bar shi. Jiki ya manta nikotin, harshe ma ya canza. Wanda ya yi shekaru ba ya sha, Partagás Serie D No. 4 ko Bolívar za su yi masa nauyi, haka ma yawancin na Nikaraguwa da ake naɗawa a garin Estelí, saboda ana cika su da ganyen da ake kira ligero, wato na can ƙololuwar shuka wanda ya fi shan rana, ya fi ƙarfi. A fara da masu sauƙi: Macanudo Café ko Davidoff daga Jamhuriyar Dominika, ko Hoyo de Monterrey Epicure No. 2 in Kuba ake so. A kuma fara da ƙaramin kara. Montecristo No. 4 wajen rabin sa'a ne, babban karan da ake kira Churchill kuwa tsawonsa inci 7, ya wuce awa guda. Kada a sha da yunwa. In jiri ya zo, a ajiye, a sha shayi mai sukari ko a ci dabino biyu, zai lafa.

Kuma kada a sayi akwati tukuna. Kara ɗai-ɗai har iri biyar ko shida sun fi koyar da kai fiye da akwati guda.

Akwai masu zaɓe da launi, wai baƙi shi ne mai ƙarfi, fari-fari na 'yan koyo. Launin na ganyen waje ne kawai, wato wanda aka naɗe jikin karan da shi. Baƙin ganyen da ake kira maduro ya yi duhu ne don an daɗe ana tsima shi, kuma sau da yawa ɗan zaƙi yake kawowa mai kama da na koko. Ƙarfi yana cikin ganyen ciki. Mu nan ma muna da abin da bai kamata mu tsallake ba: ganyen waje na Kamaru, maƙwabciyarmu, yana cikin waɗanda ake ji da su a duniya. Kamfanin Arturo Fuente da shi yake naɗe sigoginsa masu suna Hemingway da Don Carlos. Ni a bakina yana da ɗan ƙamshi kamar na kanumfari da soyayyar gyaɗa, kuma da shi na sake ƙulla zumunci da siga.

Sai masu bin suna. Wani abokina ɗan canji ya taɓa kirana, muryarsa cike da murna. "Alhaji, na samu Cohiba a araha, zo ka gani." Na je na tarar da akwati mai murfin gilashi. Na ce masa, "Mutumina, kuɗinka sun tafi." Cohiba, fitaccen sigan nan na Kuba, ba ya zuwa a akwati mai murfin gilashi, duk inda ka gan shi jabu ne. Da muka yanka kara ɗaya, guntattakin ganye ne a ciki har da jijiyoyi, maimakon dogayen ganye daga kai zuwa gindi. A 2022 kamfanin Habanos, mai sayar wa duniya sigan Kuba, ya tsawwala farashin Cohiba da Trinidad ƙwarai, sannan dala ta haura naira 1,500 a 2024. Saboda haka farashin da ka sani a da, ka manta da shi. Duk wanda ya miƙo maka Cohiba a kuɗin shekarun baya, araha ce da ba ta ado. Ni a ganina Padrón ko Oliva na gaske sun fi Cohiba na shakka sau goma.

Amma abin da ya fi sa mutane zargin siga mai kyau a banza shi ne iskar Legas. Siga yana son danshi tsakanin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Shawarwarin da ke yawo a intanet yawanci na mutanen Turai da Amurka ne, masu fama da bushewa, shi ya sa kullum batunsu a ƙara ruwa. Mu kuwa a damina danshin garin nan yana wuce kashi 80. Ka ƙara ruwa a kan wannan, sai karan ya kumbura, zuƙa ta yi tauri kamar kana jan kunu da tsinke, wuta ta riƙa mutuwa, ɗaci ya cika baki. Sai ka ce ba ka son wannan irin, alhali bai samu damar nuna kansa ba.

Gyaran ba shi da tsada. A samu robar abinci mai murfin da ke rufewa ruf, a saka ƙaramin ma'aunin danshi, da jakar Boveda mai lamba 65, wadda ke ba da danshi in ya yi ƙasa, ta kuma tsotse in ya yi yawa. Akwatin katako na kwalliya yana da kyau a falo, amma in bakinsa ba ya kamawa, yau injin sanyaya ɗaki ya busar da shi, gobe a ɗauke wuta ya jiƙe. Karan da aka sayo, a bar shi ya huta mako biyu kafin a yanke masa hukunci. In an matsa shi da yatsa aka ji laushi kamar burodi, a fito da shi ya kwana a busasshen akwati. Da hunturu, watannin Disamba da Janairu, a juya lissafin, domin lokacin ne ganyen waje ke tsagewa.

Zafi ma yana da nasa sharrin. In ya wuce digiri 22 ko 23, ƙwan ƙwaron taba na iya ƙyanƙyashewa. Alamarsa 'yar huda kamar ta allura da garin taba a gindin akwati. Wanda ya huje a yar da shi, sauran a ƙulle a leda a saka a firiza kwana 3, sannan kwana guda a firji kafin a mayar. Farin abu mai gashi-gashi kuwa funfuna ce. In a waje take a goge, in ta shiga gindin karan a haƙura.

Wajen sha, a yanke kan kaɗan kawai, kamar milimita 2. A kunna da ashana ko laita mai gas, domin mai fetur tana barin wari. Zuƙa ɗaya a minti ta isa, kuma ba a haɗiye hayaƙin. Kada wannan ya ruɗi kowa, rashin haɗiyewa bai kare baki da maƙogwaro daga cutar daji ba, kuma wanda ya daina ya ji daɗin dainawar, ba ni zan ce masa ya koma ba. Jihar Legas ma tun 2014 take da dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a.

Ban da haka, kada a gwada sabon iri bayan tsiren Obalende ko goro. Yaji da ɗacin goro suna rufe harshe, komai ka kunna ɗanɗano ɗaya za ka ji. Ni da ruwa ko baƙin shayi nake gwaji, sai in ɓare tambarin karan in manna a ɗan littafi, in rubuta layi biyu a ƙasa da kalmomin da na sani: barkono, gahawa, fatar majema, zuma. Bayan wata uku na duba littafin, na ga duk inda na rubuta "a sake saye" ganyen Kamaru ne ko na Dominika. Na Kuban da na yi shekaru ina rantsuwa da shi sau ɗaya ya fito, a gefensa kuma na rubuta "sai bayan tuwo".