"Consensus" a rahoton taro: kurakuran sababbin sakatarori

Yaran da ke fitowa daga harabobin jami'ar ABU na Samaru da Kongo a nan Zariya da sabon digiri, da zarar an ba su sakataren ƙungiya, sai su riƙa rufe kowane rahoton taro da "consensus was reached", wato wai an cim ma matsaya ɗaya. Na gaji da bin su da jan biro.

Ƙananan kurakuran tukuna. Da s ake rubuta tsakiyarta, ba "concensus" ba. Ba a cewa "we consensus", sai dai "we reached a consensus". "Consensus of opinion" kuwa maimaici ne, a yanke wutsiyar.

Wanda ke ƙona mini rai shi ne ɗaukar shirun mutane a matsayin amincewa. A garin nan, in mai unguwa ya gama magana, wane yaro ne zai ɗaga hannu ya ce bai yarda ba? Kowa sunkuyar da kai yake yi. Lokacin da taransfomarmu ta ƙone a Tudun Wada, aka yi taro a ƙofar masallaci bayan isha'i, wani Alhaji ya yanka abin da kowane gida zai bayar, aka yi tsit, aka shafa fatiha. Sakatare ya rubuta an samu consensus. Ni ne ma'aji, na ga takarda, na ba mai gyara kafin alƙalami daga aljihuna. Ranar karɓar kuɗi sai ga "ai mu ba da mu aka yi ba", gida bayan gida. Har yau ban ga kuɗina ba. Kai sakatare, kunya ce ta rufe musu baki, kai kuma ka mai da ita yarjejeniya!

Tun daga nan, kafin a tashi nake bin mutane ɗaya-ɗaya: "Baba, ka amince ne ko haƙuri ka yi?" "Malam, akwai ja?" Wanda ya ja, a rubuta dalilinsa da amsar da aka ba shi. Wasu na cewa ɓata lokaci ne. Su suka sani.

Sai masu cakuɗa ta da ƙuri'a. In an ƙirga hannuwa, rinjaye ke nan, rubuta adadin. In ba ko mutum ɗaya da ya saɓa, "unanimous" ce. Consensus tana tsakani: an saurari mai ƙorafi, an amsa masa, ya yarda a wuce ko da ransa bai so ba. Injiniyoyin IETF masu tsara ƙa'idojin intanet suna kiran irin wannan "rough consensus", kuma David Clark ne ya shahara da furta ta a 1992.

'Yan siyasa kuma, ku da "ɗan takarar maslaha", wato "consensus candidate": a 2022, sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta wancan lokacin ya ce sai duk 'yan takarar da aka tantance sun janye a rubuce, in ba haka ba a koma zaɓen fidda gwani. Ni ma yanzu, duk maganar da ta shafi kuɗi, ba na fitar da ko sisi sai kowane maigida ya sa hannu.