Takun farfela da juyin inji: yadda za ka ƙiyasta gudun ƙaramin jirgi

Farfela tamkar kusa mai zare take: kowane juyi ɗaya tana huda iska ta ci gaba da wani tsayi. Wannan tsayin shi ne takunta, da inci ake auna shi. A ƙaramin jirgin nan Cessna 172S, duba lambar da ke jikin farfela, za ka ga 7660, wato faɗi inci 76, taku inci 60.

Lissafin ba wuya. Ninka taku da juyin inji a minti, ka raba da 1,215, sai ka samu mil na teku a awa. Inci 60 sau 2,400 zai ba ka wajen 118. A juyi 2,600 kuwa 128. Ƙiyasi ne kawai, don iska ba katako ba ce, farfela na ɗan zamewa a cikinta, lodi ma na rage gudu.

Gajeren taku kamar giya ta ɗaya yake a mota: jirgi zai tashi da wuri, ya hau da ƙarfi, amma in ya daidaita sai allurar agogon juyin inji ta kai jan layi na 2,700 alhali gudu bai taka kara ya karya ba. Dogon taku na ba da gudu, sai dai inji na nishi wajen tashi.

A nan Saudiyya wannan nishin ba abin wasa ba ne. Filin jirgin Ɗa'if ya haura ƙafa 4,800 bisa teku. Kowane digiri na zafi da ya ɗara ma'aunin da aka saba a wannan tudun yana ƙara kusan ƙafa 120 a kan tudun da jirgi ke ji, saboda haka ranar da zafi ya kai 35, inji da farfela ji suke kamar suna sama da ƙafa 8,000. Abha ta fi haka tudu. A irin wuraren nan, rage mai a gaurin mai da iska da inji ke sha har juyi ya kai ƙololuwa kafin ka saki burki.

Gwajin ƙasa shi ke tona asiri: taka burki, tura totur har ƙurya. A 172S ya kamata ka ga 2,300 zuwa 2,400. In ya gaza, ko inji ya raunana, ko taku ya yi tsawo, ko agogon juyin ne ke ƙarya, wanda tsofaffin agogo sun saba yi. A fara gwada agogon kafin a zargi inji. Ka kuma shafa bakin farfela da yatsa, inji a kashe, makulli a aljihu. Rairayi da tsakuwa na cin ta, ƙaramin tsagi kan zama tsagewa. Gyara taku kuwa aikin shagon da ke da lasisi ne.