Darasi na 9: Fatsa a Bakin Ruwan Dadin Kowa

Kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta kalmomin nan biyar kafin mu shiga karatu: fatsa, ƙugiya, dalma, tana, tarwaɗa. Ku dubi harafin farko na kalmar ƙugiya da kyau. Kansa a lanƙwashe yake, shi ya sa ake ce wa ƙ da ɗ da ɓ haruffa masu ƙugiya. Wanda ya manta da lanƙwasar nan ya sauya magana: kafa daban, ƙafa daban.

Su, wato kamun kifi, sana'a ce. Akwai gidajen da suka gaje ta kaka da kakanni, suna da kayan kamun kifi kamar taru da kalli da birgi da mamari, da su suke ciyar da iyali. Namu darasin a kan fatsa ne: mutum ɗaya, sanda ɗaya, ƙugiya ɗaya, ranar da babu aiki. Tela ne, ko direba, ko mai shago, ya zauna a bakin ruwa ya huta da hayaniyar gari. In da rabo, ya koma gida da na miya.

Ruwan da za mu je

Dam ɗin Dadin Kowa yana cikin ƙaramar hukumar Yamaltu Deba, kimanin kilomita 37 gabas da garin Gombe, a kan hanyar Biu. Kogin Gongola aka tare a wurin. Wannan kogi daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa ƙasar Bauchi da ta Gombe, ya je ya haɗu da Binuwai a Numan. Daga dam ɗin ake kai wa garin Gombe ruwan famfo, da shi ake noman rani, kuma akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40. Ke nan ruwan da za mu zauna a bakinsa shi ne ke cikin randunanmu a gida. Leda, kwalba, guntun zare, duk abin da muka je da shi mu dawo da shi.

Waɗanda ke kudancin jihar Gombe, dam ɗin Balanga ya fi musu kusa. 'Yan'uwanmu na Bauchi kuma suna da Gubi. Abin da za mu koya yana aiki a duka.

Wa kake nema?

Sabon mai fatsa yakan ce, “Kifi nake nema.” Wannan amsa ba ta isa ba. Wane kifi? Kowanne da inda yake zama, da abin da yake ci, da girman bakinsa.

Karfasa bakinta ƙarami ne. Tana son ruwa marar zurfi, kusa da ciyawa, kuma da rana take kiwo. Tarwaɗa a ƙasa take, kan taɓo. Da dogon gashin bakinta take laluben abinci, shi ya sa duhu da gurɓataccen ruwa ba sa hana ta ci. Ta fi fitowa da yamma da dare. Kurungu ma na ƙasa ne, kuma yana da ƙaya uku masu tsini, ɗaya a baya, biyu a gefe. In ya miƙe su sai su kafe, don haka a riƙe shi da tsumma. Tsage mafarauci ne, haƙoransa sukan datse zare, sai an sa 'yar siririyar waya tsakanin zare da ƙugiya. Giwan ruwa kuwa ba na ɗan koyo ba ne. Yana cikin zurfi, ƙananan kifaye yake ci, kuma babbansa ya fi ƙarfin sandar gora.

Shawarata ga ajin nan, mu fara da karfasa da tarwaɗa. Sun wadata, kuma daga gaɓa ake kama su.

Kayan aiki

Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. A sami gora busasshiya, miƙaƙƙiya, mai tsawon gaba biyu, bakinta siriri mai lanƙwasa. Akwai sandar kanti mai ɗan keken naɗe zare. Tana kai jifa nesa, amma wanda bai iya da gora ba, ita ma ba za ta yi masa komai ba.

A nan karatunmu zai yi mana rana. In ka sayi zaren fatsa, dubi lambar da ke jikin abin da aka naɗe shi. Za ka ga 0.25 ko 0.30 ko 0.50. Kaurin zaren ke nan da milimita. Na 0.25 zuwa 0.30 ya ishi karfasa. Tarwaɗa kuma a ba ta 0.40 ko 0.50. Lambar ƙugiya kuwa a juye take tafiya: lamba 12 ta fi lamba 6 ƙanƙanta. Yawan lamba, ƙanƙantar ƙugiya. Ku rubuta wannan, ku ja masa layi, don a nan mutane da yawa ke yin kuskure a kasuwa. Ƙarama ta karfasa ce, babba ta tarwaɗa.

Sai dalma, wadda ke jan zare zuwa ƙasa. A matse ta da filaya, kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiya. Kada a matse da haƙori, dalma guba ce, kuma kada a bar ta inda yara ke wasa. Na ƙarshe shi ne abin da zai tsaya a saman ruwa ya ba ka labari. Guntun totuwar kara ya isa, ko guntun tsohon silifa. A wannan darasi za mu riƙa ce masa totuwa.

Ɗaurin ƙugiya: zura zare ta hancinta, ka naɗe bakin zaren a jikin uwar zaren sau 6, ka mayar da shi ta 'yar ƙofar da ta rage kusa da hancin, ka jiƙa da miyau, ka ja a hankali har ya matse. Jiƙawar tana hana zaren yin zafi ya raunana.

Abincin ƙugiya kuwa, babu kamar tana. Ana samun ta a ƙasa mai damshi, bakin lambu ko gindin randa. A zuba ta a gwangwani da 'yar ƙasa, a ajiye a inuwa. Gara da fara ma suna yi. Tarwaɗa na son abu mai ƙarni, kamar hanjin kaza. Karfasa kuma takan ci curin tuwo ko na burodi.

Awon zurfi

Duk cikin darasin nan, wannan ne abin da na fi so ku riƙe. Wata Lahadi na zauna kusa da wani dattijo masunci, ya fito da 'yar fatsarsa yana hutawa. Tsakaninmu bai fi taku goma ba, tana iri ɗaya muke sawa. Kafin hantsi ya cire tarwaɗa huɗu, tawa totuwar ko motsi. Na matsa na gaishe shi.

“Baba, barka da aiki. Ko akwai wani sirri ne?”

“Barka kadai, Malam. Zarenka kamu nawa ne daga totuwa zuwa ƙugiya?”

“Kamu biyu, Baba.”

“To, ruwan nan gaba ɗaya da kamu ɗaya ne. Tarwaɗa tana ƙasa, abincinka yana rataye can sama da kanta. Ka taɓa ganin an ajiye wa baƙo tuwo a kan rufin ɗaki?”

Ya karɓi sandata ya nuna mini yadda ake yi, ga shi kuma ina nuna muku. Kafin ka sa tana, ɗaura dalma mai ɗan nauyi a kan ƙugiyar kanta, ka jefa inda kake son yin fatsa. Idan totuwa ta nutse, ruwan ya fi zarenka zurfi, sai ka matsar da ita sama. Idan ta kwanta a kan ruwa zare ya yi sako-sako, ka wuce, sai ka sauko da ita. Ka yi ta gyarawa har ta tsaya daidai fuskar ruwa. Daga totuwa zuwa ƙugiya, zurfin wurin ke nan. Fito da shi ka auna da hannunka: taƙi, kamu, gaba. Gaba ɗaya ta babban mutum ta kusa mita 2.

Da ka san zurfi, saura zaɓi. Tarwaɗa kake so, bar totuwa a inda take, abinci ya kwanta a ƙasa. Karfasa kake so, sauko da totuwa taƙi ɗaya ko biyu, abinci ya rataya sama da taɓo kaɗan. In ka sauya wuri, ko da taku biyar ne, sake awo. Ruwan dam kuma yana ja da baya da rani, yana cika da damina, don haka awon watan jiya ba na yau ba ne.

Totuwa ma karanta ta ake yi. In tana rawa kaɗan-kaɗan, ƙananan kifi ne ke tsakura, ka dakata. In ta nutse, ko ta kama tafiya gefe, ɗaga sanda da sauri amma ba da fizga ba. Fizga na yage bakin kifi ko ta tsinke zare.

Lokaci mai kyau shi ne daga bayan asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar zuwa gab da magariba. Da hunturu ruwa yakan yi sanyi, kifi ya rage ci, sai rana ta ɗaga.

Tafiya a ƙungiya

Kada kowa ya je shi kaɗai. Ku haɗu mutum 6 zuwa 8, ku zaɓi jagora da ma'aji. Jagora ya rubuta sunan kowa da lambar wayar wani nasa, a ƙirga kai wajen tashi, a sake ƙirgawa wajen dawowa. Ma'aji ya rubuta abin da kowa ya bayar da abin da aka kashe. Ku tafi da ruwan sha, malafa, tabarmar salla, da doguwar igiya.

Da isarku, ku fara neman Sarkin Ruwa ko babban masuntan wurin. Ku durƙusa ku gaishe shi: “Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Gombe, mun zo fatsa. Ina ya kamata mu zauna?” Wannan ladabi ne, kuma tsaron rai ne. Su suka san inda aka shimfiɗa kalli, kada ƙugiyarku ta yaga wa wani abin cin abincinsa. Su suka san inda dorina ke fitowa. Akwai dorina a ruwan Dadin Kowa, tana ɓarna a gonaki, ta kuma sha hallaka mutane. Tana kifar da kwale-kwale, a tudu ma ta fi mutum gudu. In kun ga sawunta ko kashinta a gaɓa, ku bar wurin. Kada ku taɓa shiga tsakaninta da ruwa.

Ku nisanci jikin ginin dam da ƙofofinsa. A ƙasan dam ma a kula, in an saki ruwa kogi yakan taso cikin ɗan lokaci. Wanda zai hau kwale-kwale ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa, ko da ya iya iyo. Hadari ya taso da walƙiya, a kwantar da sanduna a bar bakin ruwa.

Sai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin wasu ƙananan dodon koɗi da ke ruwa mai ciyawa, ta shiga ta fatar mutum. Shi ya sa nake cewa a yi fatsa daga gaɓa, in kuma dole sai an shiga, a sa dogon takalmin roba. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani, sunansa praziquantel. Idan ƙugiya ta nutse a hannu har ƙayarta ta shige, kada a ja ta baya. A yanke zaren, a kai mutum asibiti a cire, a yi masa allurar tetanus.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kansa shi ne zuba wa ruwa guba. Akwai masu zuba maganin ƙwari irin su Gammalin don kifi ya taso. Wannan yana kashe manya da ƙanana da ƙwai, ya cutar da wanda ya ci, ya ɓata ruwan da gari ke sha. Dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992 ta hana amfani da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Ƙaramin kifin da bai kai tafin hannu ba kuwa, jiƙa hannunka, zare ƙugiya a hankali, mayar da shi. Haka in ka buɗe bakin karfasa ka ga ƙwai ko 'yan ƙananan 'ya'ya. A baki uwar ke renonsu, ka sake ta nan take.

Aikin aji

1. Ka karanta hirar Malam da Baba da ƙarfi, kai da na kusa da kai, kowa ya ɗauki baki ɗaya. Sannan ku faɗi abin da ya hana Malam kamu.

2. Wace ƙugiya ta fi girma, lamba 4 ko lamba 10?

3. Lissafi. Kuɗin nan misali ne kawai, ku sa na gaskiya ranar tafiya. Ku 8 ne. Kuɗin mota zuwa da dawowa naira 3,000 kowa. Zare da ƙugiya da dalma na kowa da kowa naira 6,400. Abinci naira 9,600. Nawa ne jimla? Nawa kowa zai bayar?

4. Ka ware shafi ɗaya a bayan littafinka, ka ja layi biyar a tsaye. A saman gidajen shida ka rubuta: rana, wuri, lokaci, zurfi, abincin ƙugiya, kifi. Ga yadda layi ɗaya zai kasance: Lahadi, bakin ciyawa, 7:30 na safe, kamu 3, tana, karfasa 5. Ranar da ba a kama komai ba ita ma a rubuta ta, a sa 0. In an yi tafiya huɗu ko biyar, za mu haɗa littattafan a aji mu duba wane zurfi da wane lokaci suka fi ba da kifi.

Mako mai zuwa kowa ya zo da zare gaba biyu, da ƙugiya ɗaya a soke cikin guntun totuwa don kada ta huda aljihu. Za mu koyi ɗauri a kan tabarma, har sai kowa ya ɗaura sau uku bai kwance ba.