Yadda ake sabar da ɗan kadangare mai gemu da sabon gida har ya buɗe baki ya ci

Kusan duk wanda ya sayo ɗan kadangare mai gemu, kukansa ɗaya ne a makon farko: ya ƙi cin abinci. Sai ka ga mutum ya koma shago ya sayo wani ƙwaron daban, gobe ya canza ganye, jibi ya kama ɗan tahalikin yana neman ɓare masa baki da farce. Alhali abincin ba shi da laifin komai. Yawanci abu biyu ne ke hana shi ci, ko dai zafin akwatin bai kai ba, ko kuma hannu ya yi masa yawa.

Asalin wannan kadangare daga busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne, masana na kiransa Pogona vitticeps. Ƙasar ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, saboda haka waɗanda ake sayarwa a shagunan dabbobi na Ingila da Amurka da Jamus duk ƙyanƙyasar gida ce. Danginsa ɗaya da jangwadan da ke kan katangar gidajenmu, kuma duk wanda ya lura ya san jangwada ba ya farauta da sanyin asuba. Sai ya hau dutse ya sha hantsi, jiki ya sake, sannan ya bi ƙwaro. Mai gemu ma haka yake. Jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, kuma cikinsa ba ya narkar da abinci sai da ɗumin.

Don haka matakin farko ana yin sa ne tun kafin ka je ɗauko shi. Ka haɗa akwatin, ka kunna fitilu, ka bar su suna aiki kwana biyu ko uku ba kowa a ciki, kana aunawa. Ni a ganina ka sayi babban akwati tun farko, mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Ɗan da ka ɗauko bai wuce tsawon tafin hannunka ba, nan gaba zai kai santimita 45 zuwa 60 cikin shekara guda da 'yan watanni, kuma sayen ƙaramin akwati yau, babba gobe, kashe kuɗi ne sau biyu. A ƙasa ka shimfiɗa takarda ko tayil. Ban da yashi. Yaro ne, yana kai cafka yana kuskure, sai ya haɗiye yashin tare da gyaren, hanji ya toshe. Takarda kuma tana da wani amfani: a kanta za ka ga kashinsa sarai, kuma za ka buƙaci ganinsa.

Yanzu zafi, inda mafi yawan mutane ke faɗuwa. Fitilar ɗumi a gefe ɗaya take zama, ba a tsakiya ba. A ƙarƙashinta ka sa faffaɗan dutse ko kututture. Saman wannan dutsen, daidai inda zai kwanta, ya kamata ya kai digiri 40 zuwa 43 a ma'aunin Salshiyas. Ɗaya gefen kuma ya tsaya tsakanin 24 da 29, don in ya ƙoshi da zafi ya samu wurin gudu. Da dare a kashe komai, in dai ɗakin bai sauka ƙasa da digiri 18 ba.

Kowa na iya haddace waɗannan lambobi. Inda ake yin ɓarna wajen awo ne. Ɗan ma'aunin nan mai kama da agogo da ake mannawa a jikin gilashi, wanda ake haɗawa kyauta da akwati, jefar da shi. Iskar gefen gilashi yake aunawa, kuma ko ita ba ya faɗin gaskiya. Na sha ganin akwatin da mai shi ke rantsuwa zafi ya kai, ana ɗora ma'auni na ƙwarai a kan dutsen sai a ga 32. Kadangaren yana kwance a wurin tun safe har yamma, launinsa ya yi duhu, ya baje ciki kamar faifai yana neman ɗumin da babu, gyare na yawo a gabansa ko kallo ba ya yi. Aka matso da dutsen kusa da fitila, aka sa ƙwai mai ƙarfi kaɗan, bayan kwana biyu ya soma farauta. Abin da kake buƙata shi ne ma'auni mai lambobi mai waya, ka ɗora bakin wayar a kan dutsen ka bar shi kamar minti 45 kafin ka karanta, ko kuma irin mai kama da bindiga da ake haskawa. Kuɗinsu bai kai na ganin likita sau ɗaya ba.

Shi kansa kadangaren zai gaya maka. In ya sha ɗumi ya ɗan buɗe baki yana zaune a kan dutsen, launinsa ya yi haske, to zafin ya yi daidai, yana rage wanda ya yi masa yawa ne. In kullum yana can lungun sanyi ba ya kusantar dutsen, ka duba, wataƙila ya zarce. Ƙwan fitilar kuwa fari mai haske ya isa, na halojin na gida ma yana yi, ba sai mai hoton kadangare a kwali mai tsadar banza ba. Jan ƙwai ko shuɗi da ake cewa na dare ne, kada ka saya, barci yake hana shi. Dutsen lantarki mai ɗumama kansa kuma ƙona ciki yake yi.

Fitila ta biyu ita ce ta UVB, wadda take tsaya masa a madadin rana. Da haskenta fatarsa ke haɗa bitamin D3, da shi kuma jiki ke amfana da kalsiyam. In babu, ƙashi ya yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su riƙa rawa, kuma tun kafin a kai nan cin abinci ya ja baya. Doguwa za ka saya, samfurin T5, kamar Arcadia mai kashi 12 ko ReptiSun 10.0, tsawonta ya rufe rabin akwatin daga gefen ɗumi. 'Yar murɗaɗɗiyar fitilar UVB ɗin nan ba ta isa ba. Wannan haske ba ya ratsa gilashi, raga mai ƙananan ido ma tana rage shi, saboda haka ajiye akwati a bakin taga ba ya maye gurbinta, illa ma rana ta dafa shi a ciki. Nisanta da dutsen ka bi abin da kamfani ya rubuta a kwali. Ka rubuta ranar da ka sa ta, bayan shekara ka canza ko da tana ci, domin hasken da ido ke gani yana nan, mai amfanin ne ke ƙarewa. Duka fitilun biyu awa 12 zuwa 14 a rana, a kan soket mai agogo.

To ka kawo shi gida. Ka sa shi a ciki, ka rufe, ka tafi. Wannan shi ne matakin da ya fi wa mutane wuya, musamman gidan da ke da yara. Mako ɗaya zuwa biyu ba ɗauka, ba wanka, ba nuna wa baƙi, ba sauya wa kayan akwati wuri. Hannunka ya shiga don abinci da ruwa da kwashe kashi kawai. In akwatin gilashi ne ko'ina, ka manna takarda a gefe uku, don yana ganin inuwarsa a gilashin ya ɗauka wani ne. Ka nisanta shi da talabijin da mage. Kuma shi kaɗai, ko da mai shago ya ce 'yan'uwa ne sun saba. In ka ga ɗaya kwance a kan ɗaya ba soyayya ba ce, hasken yake tare masa, kuma ƙanana suna cizge wa juna yatsu da bindi. Bindin mai gemu in ya guntule ba ya sake fitowa.

A kwanakin nan za ka ga baƙaƙen zane a cikinsa da ƙarƙashin haɓa, ka ga yana ɓuya, ka ga ya ɗaga hannu ɗaya yana juyawa a hankali, wato yana nuna shi ba mai faɗa ba ne. Duk ba abin tashin hankali ba ne. Rashin ci na kwana biyu ko uku ma haka. Abu guda ka kiyaye: a tsakiyar kansa akwai wani ɗan ɗigo mai gane haske da inuwa, da shi yake sanin shaho ya taso. Hannun da ya sauko daga sama shaho ne a wurinsa. Ta gefe za ka zo, ƙasa-ƙasa, inda yake ganinka.

Abinci sai bayan fitila ta yi awa guda a kunne, na ƙarshe kuma awa biyu kafin a kashe ta. Ƙarami ƙwari ne mafi yawan cimarsa, sau biyu ko uku a rana, iya abin da zai cinye cikin minti 10 zuwa 15. Girman ƙwaron kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu, wannan ba ja a cikinta, don babban ƙwaro na iya toshe shi har ƙafafun baya su daina aiki. Ka tambayi wanda ya sayar maka abin da ya saba ci, ka fara da shi. Gyare ya fi araha, ƙananan fari ma suna yi, amma ni kyankyason dubiya, wani irin kyankyaso da ake kiwo don ciyar da dabbobi, na fi so: ba ya tsalle, ba ya wari, ba ya hana mutum barci da kuka. Tsutsar gari mai tauri ka bar ta sai ya girma. Kada ka zuba ƙwari ashirin lokaci guda su riƙa hawa kansa, tsorata shi suke yi. Biyu ko uku, in ya cinye ka ƙara, ka ja da baya kada ka tsaya a kansa. Wanda ya rage ka kwashe kafin dare, gyare na cizon mai barci. Su ma ƙwarin ka ciyar da su karas da ganye kwana guda kafin ka ba shi. Na waje da ka kama a lambu ban yarda da su ba saboda feshin magani, ƙwaron nan mai walƙiya da daddare kuwa guda ɗaya na iya kashe shi.

Ganye kullum da safe a ɗan faranti, yankakke ƙanana, ko da ba ya taɓawa: ganyen mastad, roket, gurzajjiyar kabewa, koren wake, ɗan jan tattasai don launi ya ja idonsa. Latas ruwa ne kawai, alayyafo yana riƙe kalsiyam, fiya kuma guba ce gare shi. Garin kalsiyam ka barbaɗa wa ƙwari a ci ɗaya kusan kullum, garin bitamin sau ɗaya ko biyu a mako. Ruwa a ƙaramin murfi marar zurfi. In ya ƙi sha, ka ɗiga masa a kan hanci ya lashe.

In kwanakin sabawa sun wuce, ka auna nauyinsa a sikelin kicin sau ɗaya a mako ka rubuta. Lokacin saɓa cin zai ragu, kada ka ja fatar. Bayan mako biyu, in yana ci, ka soma ɗaukarsa minti biyar, hannu ta ƙarƙashin ciki, ƙafafu huɗu duka a tallafe, ka wanke hannu da sabulu bayan nan saboda ƙwayar salmonela. Ko lafiya yake ka kai sabon kashinsa wurin likitan dabbobi da ya san masu rarrafe a duba tsutsar ciki, ƙanana na yawan zuwa da ita daga shago. In kuwa zafi ya daidaita amma ya yi kwana biyar bai ci ba, ko nauyi na raguwa, ko kashin ruwa ne mai ɗoyi ko da jini, ko idanu sun faɗa, ranar za ka kai shi, shi da kashin.