Yadda za ka ba yaron shago ikon admin (ikon sarrafa kwamfuta) ba tare da ka miƙa masa mabuɗin duka ba

A shagona na buga takardu a Tudun Wada, Gusau, na taɓa rubuta kalmar sirrin admin na manna a gefen allo, don kada yara su riƙa kirana in na shiga kasuwa. Wata bai zagayo ba kwamfutar ta cika da manhajojin da ban san daga inda suka fito ba. Ranar da ɗalibai suka yi layi a rana za su buga takardar JAMB, ranar ta tsaya cak.

Da farko, buɗe wa kowane yaro asusunsa. A Windows, shiga Settings, sai Accounts, sai Other users, ka bar shi a matsayin Standard, wato asusun da ba shi da ikon admin. Duk sanda zai saka manhaja, UAC, wato akwatin neman izini da Windows ke fitarwa, zai nemi kalmar sirrinka. Kada ka kashe shi ko da ya ishe ka.

A Ubuntu kuwa (wani tsarin kwamfuta ne daban da Windows) sudo ne abin aiki, wato umarnin da ke ba mutum damar yin aiki da ikon admin. In sunan asusun yaron musa ne, yawanci za a ce ka buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, ka rubuta sudo usermod -aG sudo musa don saka shi a rukunin masu sudo, shi ke nan. Kula da wannan -a ɗin, in ka manta shi za ka cire yaron daga sauran rukunonin da yake ciki. Amma ni ban yarda da wannan hanya ba sai ga wanda ka amince masa da aljihunka, domin iko duka ka ba shi.

Abin da nake yi shi ne in rubuta sudo visudo, wanda ke buɗe fayil ɗin dokokin sudo, in ƙara wannan layi a ƙasa:

musa ALL=(root) /usr/bin/apt update, /usr/bin/apt upgrade

Yanzu Musa zai sabunta kwamfutar da kalmar sirrinsa, amma ba zai wuce nan ba. Kada ka buɗe fayil ɗin da wani abu in ba visudo ba, shi ne ke duba kuskure kafin ya adana. Harafi ɗaya ya karkace, kai ma sai ka kulle kanka a waje.

Wasu sun fi son doas, madadin sudo, wanda Ted Unangst ya rubuta wa tsarin kwamfuta na OpenBSD a 2015, saboda ƙarami ne kuma tsarinsa na da sauƙin karantawa. Gaskiyarsu. Sai dai in ya rikice maka a Gusau, da wuya ka samu wanda ya taɓa shi, shi ya sa na tsaya ga sudo.

Kafin ka tashi, rubuta sudo -l -U musa ka ga da idonka iyakar abin da ka ba shi.