Yadda Ake Gwada Aikin Majema a Kwamfuta Kafin a Kashe Kuɗi

Mai ƙaramar masana'antar jima a ƙauyukan Wudil ko Gumel, da zarar ya ga fatu sun yi masa yawa, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya ƙaro gangar juya fatu ko ya sayi babban janareto. Sau da yawa kuwa ba nan gizo ke saƙar ba. Ana iya gina majemar a cikin kwamfuta, a sa ta yi aikin shekara cikin 'yan mintuna, a ga inda fata ke maƙalewa. Manyan kamfanoni suna amfani da manhajoji irin su Arena da AnyLogic, amma kai Excel ya ishe ka farawa. In akwai yaron da ya iya yaren kwamfuta na Python a gidan, manhajar SimPy kyauta ce.

Da farko ajiye kwamfutar, ɗauko littafi da biro. Bi fata tun daga saukarta daga kasuwar Maigatari ko ta Wudil: sa gishiri, jiƙo, kwana a ruwan toka har gashi ya saki, karta da kartaji, jima da bagaruwa ko da sinadarin kurom, shafa mai, shanya. A kowane mataki rubuta fata nawa ke shiga lokaci guda, awa nawa take yi, mutum nawa ke kanta. Ka yi wata guda kana wannan rubutu.

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane ke ha'inci. Kada ka rubuta "shanya kwana ɗaya" ka wuce. Fatar da iskar hunturu ke busarwa kafin la'asar, a watan Agusta sai ta kwana biyu tana danshi. Rubuta mafi gajarta da mafi tsawo. Rubuta sau nawa aka ɗauke wuta ganga na tsaka da juyi. Rubuta ranar Juma'a da ranar kasuwa, da makonnin da ma'aikata ke tafiya noman farko su bar ka da mutum biyu. Kwamfuta ba ta san damina ba sai ka faɗa mata.

Sannan ka zuba a Excel, kowane mataki da layinsa, kowace rana da gurbinta. Umarnin RANDBETWEEN zai riƙa zaɓar lokaci tsakanin gajere da dogon da ka ba shi, yadda ranaku za su bambanta kamar a zahiri.

Kafin ka yarda da ita, jarraba ta da watan da ya wuce. In ta ce ka fitar da fata 3,000 alhali 2,000 ka ƙirga, akwai abin da ka manta. Kira tsohon majemin da ya fi kowa daɗewa a wurin, ka ce, "Baba, ina fata ke zama ba a taɓa ta ba?" Zai nuna maka, ƙila ma jiran mai kurar ruwa ne.

Yanzu duba inda layi ya fi tsawo. A ce gangarka tana fitar da fata 300 a rana, rumfar shanya kuma 200 take ɗauka. Cikin kwana 10 fata 1,000 sun taru, jiƙaƙƙu, suna fumfuna. Mai irin wannan lissafi in ya ƙaro ganga, tulin ya ƙara wa tsayi. Ƙarin rumfa da igiya yake buƙata, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na ganga ba.

Daga nan sai gwaji, abu ɗaya a lokaci guda: ƙara mai karta ɗaya, ko raba fatun akuya da na tumaki, ko tayar da janareto awa uku da safe kawai. Maimaita kowanne kamar sau 100, domin gwaji ɗaya sa'a ce. Kada ka tsallake makon Babbar Sallah, lokacin da fatun layya ke kwararowa. Gwajin zai nuna maka gishiri buhu nawa za ka tanada da ramin ruwan datti ko zai ɗauka.

Lissafin lokaci da na adadi kawai wannan hanya ke yi. Ko fata ta jimu ko ba ta jimu ba, wannan sai hannun majemi, batun ma'aunin sinadarai kuma a nufi cibiyar binciken fata ta NILEST da ke Zariya.