Yadda za ka raya icce ko dabbar da ka kawo Maradi daga wata ƙasa

Jama'a ana yawan tambaya, wai icce ko dabba suna rayuwa in an raba su da ƙasarsu? Suna rayuwa mana. Dogon yaron nan da muke shan inuwarshi kullum asalinshi Indiya ne, haka mangwaro, haka zogalen da ake nomawa a Jiratawa kusa da Maradi. Amma su sun tarar da zafi irin na gidansu ne shi ya sa suka zauna.

To kafin ka fidda kuɗinka, fara tambaya daga ina abun ya fito. Mu nan ruwan damina wajen milimita 500 ne a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, sannan a Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40. Iccen da ya saba da sanyi kamar tuffa sai ya sha sanyi mai tsawo kafin ya yi fure da kyau, ko ka ga ya yi ganye kar ka sa rai da 'ya'ya sosai. Ni dai ba na ba kowa shawarar shi.

In dashe ne ka sayo a leda, don Allah kar ka kai shi rana kai tsaye. Ajiye shi a inuwa kamar sati ɗaya, sannan ka riƙa fiddo shi rana da safe kawai kana maida shi, a hankali har ya saba. Lokacin dasawa kuma farkon damina ne in ƙasa ta jiƙe, ba bazara ba, na taɓa dasa lemu uku a watan Afrilu saboda zumuɗi wallahi ko sati biyu ba su yi ba suka bushe, har yau abun na min ciwo. Ka haƙa rami mai faɗi ka gauraya ƙasar da taki wanda ya ruɓe sosai, ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana jawo gara. Yage ledar ba tare da ka fasa ƙasar da ke jikin saiwar ba. In wurinka jigawa ne ruwa ba ya tsayawa, sai ka binne tulu kusa da shi kana cikawa, yana tsatsafowa kaɗan kaɗan. Kewaye shi da ƙaya ko zana saboda awaki, kuma zanar tana tare mishi iskar hunturu.

Dabba ta fi wuya. In ka kawo ta, ware ta daban sati biyu zuwa uku kar ta haɗu da naka, a duba kaska, a kira likitan dabbobi ya yi rigakafi. Kar ka canza mata abinci rana ɗaya, tambayi me take ci can sai ka riƙa haɗawa da harawa da dusa kaɗan kaɗan kamar kwana goma. Rumfa mai shan iska, ruwa kuma kar ya yanke. Shanun Turai masu madara da yawa in zafi ya yi sai su rage ci nonon ya ja baya, shi ya sa barbara da irin namu kamar Azawak ta fi. Jar akuyarmu ta Maradi kuwa ba ta buƙatar duk wannan lallashi.

Wani abu kuma, a gona kar ka raina abin da ke nan. A nan yankin namu ne Toni Rinaudo ɗan Ostareliya ya ga dashen itatuwan da ake ta yi yawanci mutuwa yake, sai wajen 1983 ya koma gyara tohon kututturan da ke cikin gonaki. In ka ga kalgo ko sabara ta toho, zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka sare sauran, duk shekara ka sake gyarawa.